Shafukan da Inna Ta Ɗinke

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da karatun jinyar da marasa lafiyar da kuke fama da su. Mu nan sai godiya. Gwiwata ce dai take mini tsiya idan na daɗe ina taka keke, amma ba ta isa ta hana ni ɗinki ba. Maigidan yana gaishe ki. 'Yarki kuwa lafiyarta ƙalau, ta ƙara tsawo, har sai da na saki kalmasar rigar makarantarta.

Dogo direba ya kawo saƙo. Da na kwance na ga littafi ne, sai na ce a raina, Auta ta yi wahalar banza. Kin san halin 'yar taki Barkono. Tun ranar da kika hau mota kika bar mini ita, duk abin da ya fito daga hannunki ba ta taɓawa. Takalmin da kika aiko yana nan ƙarƙashin gado, ko gwadawa ba ta yi ba. Waya kuwa kin sani, da ta ji muryarki take ficewa daga shago. Shi ya sa ma na ce mu koma takarda, in samu in faɗa miki abin da ba zan faɗa tana kasa kunne ba.

To ni ma ba yarinya ba ce. Ban ce mata ga saƙon uwarki ba. Na yar da shi a kan teburin yanka, bangon yana kallon sama, da wannan ƙaton dodon mai fukafukai yana feso wuta ta baki. Ta shiga ta fita, ta shiga ta fita, tana satar kallonsa. Can na daka mata tsawa na ce ta kwashe mini wannan tarkacen zan shimfiɗa yadi. Ta kwashe kuwa. Ban sake jin motsinta ba sai da na leƙa bayan labulen da ake gwada kaya, na same ta zaune a kan buhun ƙyallaye, baki buɗe.

Auta, ashe haka yarinyar nan ta iya karatu? Yanzu da ta dawo daga makaranta take hawa kujera ta karanta mana da ƙarfi, tana canza murya, tana buɗe hannuwa kamar fiffike. Masu kawo ɗinki sai a gama musu awo su ƙi tafiya. Ni kuwa kaina sai ƙara girma yake, ina cewa 'yar ƙanwata ce, a hannuna take. Duk shagon nan yanzu mun san Garwashi, ɗan dodon wutar nan mai zafin kai da ke babbake duk wanda ya harare shi. Mun kuma san tsohon nan Toka, da ba shi da wuta ko ta kunna fitila, wanda yaran dodanni ke yi wa dariya.

Sai dai fa ba daɗi zalla na kawo miki ba. Shugabar makarantarsu ta aiko kirana. Akwai wata yarinya a ajinsu, 'yar mai wankin da ke bayan layinmu, tana i'ina. Malami ya tashe ta karatu, harshenta ya sarƙe, sai 'yarki ta miƙe ta riƙa kwaikwayonta har ajin ya kwashe da dariya, yarinyar ta fita da kuka. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da muka dawo na ce ta je ta ba da haƙuri, sai ta turo baki ta ce, "Garwashi ba ya ba kowa haƙuri." Kin ji fa! Anya ba fetur kika aiko wa mai wuta ba?

Na ba ta takarda da biro na ce ko layi ɗaya ta rubuta miki. Ta ce ba ta da abin faɗa. Ban matsa mata ba.

Ki riƙa cin abinci, na san ki.

Yayarki

*

Yaya,

Na samu takardarki, na karanta ta a tsaye a bakin ɗakin marasa lafiya, na sake karantawa a zaune. Ya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ki riƙa ɗora ƙafar a kan wani abu idan kin tashi daga aiki. Ki gaishe mini da maigidan. Ni lafiyata lau, sai kumburin ƙafa na tsayuwa. An mayar da mu ɗakin tsofaffi. Akwai wani dattijo a gadon kusa da taga, duk wadda ta kai masa magani sai ya jefe ta da kofi. Ni kaɗai yake bari in juya shi, don na gano ba mugunta ba ce, tsoron faɗuwa yake ji.

Maganar 'yar mai wanki ta ɓata mini rai ƙwarai. Amma don Allah, Yaya, kada ki ƙwace littafin. Jerin littattafai ne, na same su wurin wani mai sayar da tsofaffin littattafai kusa da tasha, kuma ba na aiko da ko ɗaya sai na karanta shi tukuna. Lokacin hutu nake zama a benci bayan ɗakin wanki in karanta, don in san duk shafin da ta buɗe hannuna ya riga ya taɓa shi. Ita ce kaɗai hirar da ta rage tsakanina da ita. Garwashin farko ba shi ne Garwashin gaba ba. Ga na biyu da na uku nan na ba Dogo, ki bar ta da su kawai.

Kin fi kowa sanin ba don daɗi na tafi ba. Tun rasuwar babanta nake rataye a wuyanku, kuma ba ku taɓa nuna mini gajiya ba. Amma ina so in tsaya da ƙafata, in riƙe 'yata da hannuna. Jarrabawar ƙarshe ce ta rage, idan na haye ta na gama. Ita ba za ta gane wannan ba yanzu. Abin da ta sani kawai, babanta ya tafi, ni ma na tafi.

Ki faɗa mini gaskiya, tana tambayata kuwa? Ko da cikin faɗa ne?

Ƙanwarki Auta

*

Auta,

Muna gaishe ki, muna kuma lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, na bi shawarar likitar gidanmu ina ɗora ta a kan kwali. Maigidan ya yi mura ya warke. Ki ce wa dattijo mai kofi yayarki ta ce ya bi a hankali da ke.

Yau dai ki gyara zama, labarin da zan ba ki na alfahari ne.

Littafi na biyu ya tashi hankalin shagon nan. Tana cikin karanta mana aka zo wurin da Garwashi ya fusata don an kayar da shi a tsere, ya juya ya feso wuta bai duba ba, ashe Toka na bayansa, ya ƙone wa tsohon fiffike ɗaya. Toka ya ja fiffikensa a ƙasa ya shige kogo. Barkono ta dakata da karatun. Sai kawai ta yi jifa da littafin, ya bugi dutsen guga, ta ce, "Wannan ai mugu ne!" Na ce, "A'a, ba ke ce kika ce ke ce Garwashi ba?" Da kin ga kallon da ta yi mini! Ta wuni ba ta kula kowa ba. A kan wata riga da na yi kuskuren ɗinki na ba ta ta warware ta huce. Kin san na koya mata warwara da tsinin allura, kuma wallahi hannunta ya fi na duk masu koyon da na taɓa riƙewa, zare take zarewa ɗaya bayan ɗaya ba ta taɓa ɓata yadi.

Da kanta ta ɗauki littafin ta goge shi da gefen rigarta ta ci gaba. A na ukun ne Garwashi yake goya Toka ya kai shi shan ruwa kullum, kuma dole ya rage gudu, don idan ya yi sauri tsohon zai zame. Ranar da ta zo wannan wurin ba ta yi mana muryoyi ba, a hankali ta karanta.

Ba a daɗe ba, ina cikin sa wa wani wando zif, sai ga ta ta shigo riƙe da hannun 'yar mai wanki. Ta zaunar da ita a kan buhun ƙyallaye, ta buɗe mata littafin ta ce, "Ke ce Toka, ni ce Garwashi. Karanta naki." Yarinyar ta fara, harshe ya sarƙe tun a kalmar farko. Wani saurayi da ke jiran rigarsa ya fara murmushi, Barkono ta watsa masa harara sai da ya koma kallon silin. Auta, 'yarki da ba ta iya jiran ruwa ya cika kofi, ta naɗe hannu ta jira har yarinyar ta kai ƙarshen layi. Ni kuwa na sunkuyar da kai a kan keke kamar zare ne ya tsinke mini, don kada su ga idona. Haƙurin dai ba ta furta shi ba har yau, amma mai wankin da kansa ya zo ya yi mini godiya, ya ce 'yarsa ta daina ɓuya idan lokacin makaranta ya yi.

Kin ce ko tana tambayarki. To ki kwantar da hankalinki, ta daina. Da can kullum sai ta tsare ni da yaushe za ki dawo, ta ruga bakin titi ta tsaya da ta ji hon ɗin motar Dogo. Yanzu duk ta bar wannan, tana cin abincinta tana barcinta. Takarda dai har yanzu ta ce ba ta da abin faɗa.

Ki aiko na huɗu, mu ma nan jira muke.

Yayarki

*

Auta,

Lafiya kuwa? Mu nan ƙalau muke. Dogo ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa wayam. Na kira wayarki ba a ɗauka. Barkono ta maimaita na uku har ta haddace, masu kawo ɗinki sun ishe ni da ina na huɗu. Idan ciwo kike ki faɗa, idan kuma wani abu na yi miki ki faɗa. Ba na son irin wannan shirun naki. Tun kina ƙarama idan kika yi shi, akwai abin da kike ƙullawa.

Yayarki

*

Yaya,

Ki yi haƙuri da shirun. Jikina dai lafiya lau. Ina gaishe ku duka.

Allah ya sani na ji daɗin labarin 'yar mai wanki, har na karanta wa abokan ɗakina. Amma da na zo ƙarshen takardar sai komai ya tsaya mini. Kika ce ta daina tambayata, kika ce in kwantar da hankalina. Yaya, da me zan kwantar da shi? Lokacin da take fushi da ni, na san ina ranta. Yanzu ko fushin ta daina. Ta sami gida, ta sami uwa, ta sami ƙawa, ni na zama mai aiko da littafi.

Ga na huɗun nan, amma da sharaɗi. Ina karanta shi a benci na zo babin da Garwashi ya hau kan dutse yana kiran uwarsa, wadda ta tafi tun yana ƙarami ta ɗebo masa wuta mai ɗorewa daga wani tsauni mai nisa. Ya kira, ya kira, ba amsa. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Daga yau ba ni da uwa." A nan na rufe littafin, ban iya ƙara layi ɗaya ba, na tsallake zuwa babi na gaba. Ba zan iya miƙa wa 'yata wannan maganar da hannuna ba, ita da duk abin da Garwashi ya faɗa take ɗauka ta sa a bakinta. Na so in yage shafukan, na ga littafin zai zube. Don Allah ki ɗinke su, daga inda na lanƙwasa kusurwa zuwa ƙarshen babin, ɗinki mai kyau a gefe yadda za ta ɗauka haka aka buga shi. Kada ki ba ta sai kin ɗinke.

Kuma ina ta tunani. Takardar shaida ba za ta kira ni Umma ba. Idan na tsaya har jarrabawa, na dawo na tarar ba ni da 'ya, wa na yi wa karatun?

Auta

*

Auta,

Muna lafiya, na kuma gode Allah da ba ciwo ne ya kwantar da ke ba, rigima ce irin taki.

Haba Auta! Abin farin cikin da na rubuta miki shi kika juya ya zama makoki? Cewa na yi ta daina tsayuwa a bakin titi motoci na shan gefenta, ban ce ta daina sonki ba. Kuma wace uwa ta samu? Inna take kirana kamar yadda ta saba tun tana rarrafe, ko da kuskure ba ta taɓa ce mini Umma ba. Ni ma ban nemi kujerarki ba, tawa ta ishe ni. Maganar nan ta sosa mini rai, gara in faɗa miki.

Ɗinki kuma na yi, ba don na yarda ba, sai don 'yarki ce, littafinki ne. Tun da na fara sana'ar nan na ɗinka riguna, na ɗinka labule, na ɗinka rigar kujerar mota, ban taɓa ɗinka takarda ba sai a dalilinki. Da hannu na yi, da ƙaramar allura da farin zare, na bi gefen shafukan tsaf, na ɓoye ƙullin a ciki. Ba yabon kai ba, ko wanda ya buga littafin ya gani sai ya rantse aikin injinsa ne. Ban tsaya karanta abin da ke ciki ba, kin san ni da ƙananan rubutu. Na ba ta jiya, ta rungume shi ta ruga kiran ƙawarta.

Maganar barin karatu kuwa, kada in sake jin ta. Kin sha tsayuwa, kin sha jifa da kofi, sai da kika hango ƙarshe za ki juyo? Ki zauna ki yi abin da ya kai ki.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ku. Ki yafe mini maganar uwa, ɓacin rai ne, ba ki cancanci haka daga gare ni ba.

Amma na yanke shawara. Ranar da na kira kika miƙa mata wayar, ina jin ƙarar silifas ɗinta tana fita. Na gaji da jin wannan ƙarar. Na haɗa jakata. Na gaya wa malamarmu, ta ce in sake tunani, ba za ta cire sunana ba sai ranar da na miƙa mata makullin ɗaki. Wannan karon takarda Dogo zai kawo miki. Idan ya juyo ya sake tasowa, ni zai kawo.

Kada ki gaya mata. Kada kuma ki yi mini faɗa, na riga na yi wa kaina.

Auta

*

Auta,

Lafiya muke. Kafin ki sa ƙafa a motar Dogo, ki zauna a kan jakar taki ki karanta wannan. Na ce masa kada ya karɓi kayanki sai ya ga kin kai ƙarshe, ya ce ko fasinja za su cinye shi zai jira.

Mun yi abin dariya, ni da ke. Mun ɗinke littafi muka miƙa wa yarinyar da ta tashi a shagon tela, wadda ni da kaina na koya wa warwara! Da yake tare suke karatu da 'yar mai wanki, a hankali suke tafiya, sai shekaranjiya suka iso wurin. Ina tsakiyar ɗinki ta ɗora littafin a kan keke, ta sa yatsa a gefensa ta ce, "Inna, wannan ƙullinki ne." Duk ɓoyon da na yi! Ta ce, "Wa ya ce ki ɗinke?" Ban taɓa yi mata ƙarya ba, ba kuma zan fara a kan takarda ba. Na ce Ummanki. Na sha jinin jikina, na ce yau littafin nan ya zama tsumma.

Auta, ba ta yaga ba. Ta zari allura, ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ta bi ɗinkina tana zarewa ɗaya bayan ɗaya, ko kusurwa ɗaya ba ta ɓata ba. Ta naɗe zaren a yatsa ta sa a aljihu. Sannan suka karanta mana, shago cike da mutane.

Maganar da kika ji wa tsoro tana nan, ta karanta ta. Amma ke da kike cika baki ba kya aiko littafi sai kin karanta, da kin juya shafin gaba mana! Bayan maganar nan, Toka ne ya jawo ƙonannen fiffikensa ya hau dutsen ya zauna kusa da Garwashi. Ya gaya masa cewa duk uwar da ta ɗebo wuta, a baki take riƙe ta, idan ta buɗe bakin ta amsa kira wutar ta mutu. Shi ya sa ba a jin amsarsu, amma su suna jin komai. Ya ce tasa uwar ta ji kukansa tana tsakiyar hanya, ta kasa daurewa, ta amsa, ta juyo gida ba komai a bakinta. Dalilin rashin wutarsa ke nan. Wannan wurin 'yar mai wanki ce ta karanta tunda ita ce Toka, kuma da i'inarta da komai, ba wanda ya motsa a shagon. Garwashi ya ce, to ka ji haushinta? Toka ya ce ko kaɗan, shi daɗi ya ji da ya gan ta. Ita ce dai ba ta ƙara ɗaga kai ta kalli wajen tsaunin ba har ta mutu.

Barkono ta rufe littafin. Na ɗauka da ke za ta yi fushi. Sai ta ce, "Inna, Umma ba ta kai nan ba ko?" Na ce ba ta kai ba. Ta ce, "A inda ya ce ba shi da uwa ta tsaya." Ta murza zaren a aljihu, can ta ce, "Tsoro ta ji." Auta, yarinyar da ta ce Garwashi ba ya ba kowa haƙuri, ita ce ta zauna tana auna abin da ke ranki daga nan inda take. Na rasa inda zan sa kaina don alfahari, sai na hau yi wa masu jiran ɗinki faɗa wai sun tare mini haske.

Kin ce kada in gaya mata kin haɗa jaka. Na gaya mata, ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama. Sai ta ɗauki biron da nake rubuta awo da shi, ta ciri takarda a littafin makarantarta. Na dawo miki da na huɗun, takardar tana ciki daidai inda kika lanƙwasa. Ban karanta ba, ba tawa ba ce.

Yayarki, telar da aka kama

*

Umma,

Ina gaishe ki. Ina lafiya. Haƙorina na gefe ya fita, wani yana fitowa. Takalmin ya matse ni yanzu, da na sa tun da wuri da ya yi mini. Na ba ƙawata, ya yi mata daidai.

Na warware ɗinkin Inna. Kada ki yi mata faɗa, ɗinkin ya yi kyau, ni ce na san ƙullinta. Ga zaren nan na naɗe miki.

Umma, ba a tsayawa a tsakiyar babi. Ni ma na jefar da na biyu, amma na ɗauka na ƙarasa. Ki karanta daga inda kika tsaya har ƙarshe. Idan kin ji tsoro ki karanta a hankali, haka ƙawata take yi kuma tana kaiwa.

Garwashi haushi yake ji shi ya sa ya faɗi maganar nan, ba gaskiya ba ce. Ni na taɓa faɗa a raina ranar da kika tafi, amma ban faɗa da baki ba, kuma na janye.

Ina fita idan kin kira don idan na ji muryarki kuka yake zuwa mini, kuma akwai mutane a shago. Na daina tambayar Inna yaushe za ki dawo don duk na tambaya sai idonta ya yi ja ta ɓata ɗinki, ni kuma in warware.

Kada ki hau motar Dogo. Ina so ki zo, sosai ma. Amma ba na so ki zama irin uwar Toka, ki riƙa kawar da kai idan mun wuce ta gaban asibiti. Zan jira. Na iya jira yanzu, ki tambayi Inna.

Ba sai kin amsa ba idan akwai wuta a bakinki. Na san kina ji.

'Yarki

*

Barkono 'yata,

Lafiyata lau. Na karanta har ƙarshe, a hankali kamar yadda kika ce, ina zaune a kan jakata a tasha, fasinja na ta yi wa Dogo masifa. Ya taso ba tare da ni ba. Jakar ta koma ƙarƙashin gado, makullin ɗaki yana wuyana. Zaren kuma na naɗa shi a maɓallin farar rigata, da shi zan shiga jarrabawa.

Ga na biyar nan, ban buɗe shi ba. Daga yau ke za ki fara karantawa, sai ki aiko mini. Ki lanƙwasa mini inda zan ji tsoro.

Ummanki